Ku da kuke yi wa mai nazarin ƙuda dariya

Wato don yaron nan ya ce ya samu gurbin digiri na uku a kan ƙudaje, shi ne tun jiya kuka mayar da shi abin wasa? Har da mai cewa ya zo kwata ya kwasa kyauta. Sannunku, farfesoshin kwament.

To ku ba ni amsa. Me ya sa hantarku ta kai iya girmanta ta tsaya, ba ta cika muku ciki ba? Tun 1931 aka nuna cewa in an yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, cikin kwana goma ta tofo ta mayar da nauyinta, sai ta tsaya cak. Wa ya ce mata ya isa?

A jikin ƙuda aka samo bakin zaren. Ba ma ƙudan kwata ba, ɗan mitsitsin nan mai jan ido da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. A 1995 aka gano wata ƙwayar gado da in ta lalace, naman ƙudan sai ya yi ta tsiro ba tsayawa. A 2003 aka gano 'yar uwarta, wadda lalacewarta ke sa kan ƙudan ya kumbura ya yi tattara kamar fatar dorina, shi ya sa aka raɗa mata Hippo, wato dorina da Turanci. Birki ne. In ƙwayoyin jiki suka cunkushe, wannan birkin yake riƙe wani furotin mai suna YAP, ya hana shi shiga cibiyar ƙwaya. Birki na ƙwacewa, YAP ya faɗa ciki ya haɗu da abokinsa, wani furotin mai suna TEAD, su ce a ci gaba da hayayyafa.

Kuma wannan birkin na jikin ƙuda, shi ne a jikina da naka. A 2007 wani masani Duojia Pan da mutanensa a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka kunna YAP a hantar ɓera, ta ninka kusan sau biyar. Suka kashe, ta koma daidai. Da suka bar shi a kunne, sai ga ciwon daji. Ka ji inda ƙuda ya kai mu.

Na san wani zai ce to ina maganin. Ana gwada magungunan da ke toshe TEAD a jikin masu sankarar mayafin huhu, kuma ba wasa ba ne, domin toshe TEAD toshe aikin YAP ne, kuma YAP ɗin nan shi ke taimakawa rauni ya warke. Kai da ko allurar rigakafin ciwon hanta ba ka yi ba, kai ne mai gaggawa?

Wallahi abin ya taɓa ni ne don na yi jinyar kawuna. Ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafafu sun tsotse, ana ta cewa sammu ne, ashe hantarsa ce ta rasa mai ce mata tsaya. Da lokacin wani ya ce min amsar tana jikin ƙuda, da ni zan kama masa su da hannuna.

Ku ci gaba da dariya, ƙuda dai ya riga ku amfanar da mutane.

Af, ita wannan sankarar mayafin huhun, ƙurar asbestos, abin da aka riƙa yin silin da rufin gidaje da shi, ita ce babban sanadinta. Masu rushe tsofaffin gidajen kwatas suna farfasa silin da rufin nan da guduma ko ƙyalle babu a hanci, su wa ke yi musu magana?