Ku bar mara lafiya ya samu darensa

Hunturun bara na yi kwana goma sha ɗaya ina jinyar Baba a wani asibiti nan Gusau. Mura ce ta sauka masa a ƙirji har aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman. Fitilar ɗakin ba a kashe ta, na'urori na ta ƙara, labule kuma a sake ko da rana tsaka. A kwana na huɗu Baba ya tambaye ni ko an yi la'asar, alhali ƙarfe biyun dare ne, yana ta kiran sunayen 'yan uwansa da suka riga mu gidan gaskiya. Likita ta ce irin wannan ruɗewa ta saba kama masu kwanciya a ɗakin, kuma rashin barci na cikin masu jawo ta.

Allah ya sa wa jikinmu agogo. Uwar agogon na cikin ƙwaƙwalwa, hasken da ke shiga ido ne ke saita ta, kuma har garkuwar jiki tana bin wannan lokaci. Amurkawa uku da suka gano yadda yake aiki sun samu lambar yabo ta Nobel a 2017. A 2016 masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun sa wa ɓeraye ƙwayar bairos a lokuta daban-daban. Waɗanda aka sa wa daidai lokacin da za su shiga barci, cutar ta ninka sau goma a jikinsu fiye da waɗanda aka sa wa bayan awa goma. Ɓeraye ne, na sani, amma ni na ga Baba da idona.

Ma'aikatan jinya suna iya ƙoƙarinsu, wani maganin dole sai cikin dare. Kukana da mu ne. Da aka mayar da Baba ɗakin maza, masu dubiya sai bayan isha'i suke cika wurin, a zauna hira, waya na ruri, a taɓa shi ana "sannu Alhaji" yana tsakiyar barci. Dubiya lada ce, ba na ja. Amma don Allah a zo da hantsi ko bayan la'asar, a yi addu'a a tashi. Mai jinya ya ɗage labule da safe rana ta shigo, da dare ya nemi a rage haske.

Ni sai da na tsaya bakin ƙofa ina ba baffannina haƙuri, har ɗaya ya yi fushi. Daren nan Baba ya yi barci har kiran assalatu.