Baƙin wuyan nan ba dauɗa ba ce

Tun daren jiya ake ta turo min saƙo kan abin da ya faru a gidan sunan nan na Tudun Wada, wai na kunyata matar yayana a cikin mutane. To ni ban ga laifina ba, kuma da za a sake zaman, abin da na faɗa shi zan maimaita.

Yaro ɗan shekara 11 ya taka matakala biyar yana haki kamar wanda ya yi gudu daga Ƙofar Doka zuwa Kwangila, mata na ta "tubarkalla, ɗan lukuti, hutu ya karɓe shi". Uwar da kanta ta jawo shi ta ɗaga wuyan rigarsa: "Ku ga ƙazami, kullum sai na dirje shi da soso da sabulun salo, ya ƙi fita." Na duba. Fatar bayan wuyan ta yi baƙi, ta yi kauri, ga laushi kamar karammiski, gefe guda har ya ɗaye don dirza. Na ce, Anti, wannan ba dauɗa ba ce, ki kai shi asibiti. Iyakar laifina ke nan.

Ba dauɗa ba ce, ko da dutsen goge kaushi za ki sa. Na sani ne don na yi wa 'yata irin wannan dirzar wata da watanni tana kuka, kafin wani likitan yara a Shika ya zaunar da ni. Akwai sinadarin insulin da jiki ke fitarwa don ya buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. In kitse ya taru, musamman teɓa, sai jiki ya fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Sai a ƙara fitar da shi, a ƙara, a ƙara, kuma yawansa a jini shi ke kaurara fatar wuya da hammata ta yi duhu. Ana iya shekaru a haka gwajin suga na nuna lafiya lau, har ranar da jiki zai gaji, ciwon suga nau'i na biyu ya sauka, wanda muka taso muna cewa na dattawa ne. Kuma ba shi kaɗai yake tafe ba. Hawan jini, kitse a jini, kitse a hanta, duk 'yan rakiyarsa ne. A yaron da bai gama firamare ba fa!

Masu ce min gado ne, duk danginmu manya ne, na ji. Ai wanda ya san akwai suga a gidansu shi ya fi cancanta ya tsorata. Masu cewa baki zan yi wa yaro, Allah ya raba ni da haka, jinina ne. Wata har da cewa ana fama da yunwa ni ina maganar ƙiba. Yaron da tamowa ta kama muna ruga asibiti da shi, wannan kuwa guɗa muke masa, shi ya sa nake magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa miliyan 160 ne ke da muguwar ƙiba a duniya, kuma ba duka ne a Amurka ba, namu na ciki.

Ku leƙa kwandon makarantarsa. Lemon roba, biskit, cincin, alewa. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 13. Wace uwa ce za ta zuba cokali 13 a kofi ta miƙa wa ɗanta? Amma ga shi a hannunsa kullum safe, ya dawo a ƙara masa zoɓo mai zaƙi kamar zuma. Gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace litar lemo tun 2022, ban ga wanda ya rage sha ba.

Don Allah kada a koma tsangwamar yaron, shi ba ya cefane. Ranar da na cire wa 'yata lemo, gidan gaba ɗaya muka daina, har babansu. Ku ɗauko tef ɗin tela ku auna ƙugun yaro daidai cibiya, in ya kai rabin tsawonsa, ga kuma baƙin wuyan, ku je a duba jininsa da sugansa. Anti, in kina karantawa, ni zan raka ki.

Likita ya ce yaro ya motsa jiki awa guda kullum. A ina? Filin da muka yi 'yar gala-gala da langa a unguwarmu an yanka shi shaguna. Keke Napep ya ɗauki yaro daga ƙofar gida ƙarfe 7, ya dawo 2, Islamiyya zuwa 6, sai waya. Makarantar da na fara kai 'yata gidan haya ce mai ɗaki shida, tsakar gidan ko layin asambali ba ya ɗauka, amma akwai shagon kayan zaƙi a bakin get.