Kafin Kujerar Alƙali, Akwai Ɗaukar Fayil

Ƙannena, musamman ku da kuka fito daga makarantar lauyoyi bara ko bana, ku ba ni aron kunnuwanku. Kwanakin baya wani yaronmu ya shigo mini fuska a murtuke, wai zai bar ofishin lauyan da yake koyon aiki a wurinsa. Dalili? Wata takwas ke nan ba a bar shi ya miƙe gaban alƙali ba, kullum sai ɗaukar fayil da buga takardu. Na zaunar da shi na ba shi labarin wata mata, Constance Baker Motley. Ku ma ga shi.

An haife ta a 1921 a garin New Haven na Amurka, ita ce ta tara cikin 'ya'ya 12. Iyayenta 'yan ci-rani ne daga tsibirin Nevis, mahaifinta kuku ne mai dafa wa ɗaliban Jami'ar Yale abinci. Ta gama sakandare babu kuɗin wucewa gaba, sai Allah ya haɗa ta da wani attajiri, Clarence Blakeslee, wanda ya ji ta yi magana a taron unguwa ya ɗauki nauyin karatunta. A 1946 ta kammala karatun lauya a Jami'ar Columbia.

Tun tana ɗaliba ta shiga sashen shari'a na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, ƙarƙashin Thurgood Marshall, a matsayin ƙaramar mai bincike. Shekara ashirin ta yi a wurin. Shekara ashirin fa! Hannunta na cikin takardun ƙarar Brown, wadda a 1954 ta rushe wariyar launin fata a makarantun gwamnati, amma sunan wasu duniya ta riƙe. Ta yi ta zirga-zirga zuwa jihohin kudu lokacin da otal ba ya karɓar baƙar fata, tana kwana a gidajen mutane. Medgar Evers, jami'in NAACP da ke tarbarta a jihar Misisipi, harbe shi aka yi a ƙofar gidansa a 1963. Ita ta tsaya wa James Meredith, wani ɗalibi baƙar fata, a kotu har ya shiga Jami'ar Misisipi a 1962. Sau goma ta tsaya gaban Kotun Ƙoli, ta yi nasara a tara.

Wurin da nake so ku dafa shi ne 1961. Marshall ya bar ofis ya zama alƙali, aka ba abokin aikinta Jack Greenberg shugabanci, aka tsallake ta. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta yi zuciya ta tattara nata ya nata ba. Da yawanmu da a ranar za mu ajiye aiki, mu hau Facebook muna habaici.

A 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya zaɓe ta alƙaliyar kotun tarayya ta gundumar kudancin New York, kujerar da ake hawa har ƙarshen rayuwa idan majalisar dattawa ta amince. Sanata James Eastland ya riƙe sunanta wata da watanni, daga baya dai ta wuce, ta zama mace baƙar fata ta farko a wannan matsayi. A 1975 aka nemi ta janye daga wata shari'ar nuna wa mata bambanci a wurin aiki, wai don ita ma mace ce. Ta ƙi, ta ce in haka ne ai babu alƙalin da zai saurari ƙarar, tunda kowanensu ko namiji ne ko mace. Wanda bai sha wuyar kotu ba, ina zai samo wannan natsuwar? Ta shugabanci kotun daga 1982 zuwa 1986, kuma ba ta bar aiki ba har rasuwarta a 2005.

Ban ce ku zauna inda ake cin zalinku ko ake danne muku haƙƙi ba, wannan daban. Yaron namu dai ya koma ofis ranar Litinin. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: duk fayil ɗin da aka ba shi ya kai kotu, ya karance shi tas kafin ya miƙa wa maigidansa, in akwai inda bai gane ba ya tambaya a hanyar dawowa.