Ba sai an cire yaro daga makaranta ba kafin a karanta masa littafi mai rai

Lokacin annobar korona, ƙididdigar hukumar ƙidaya ta Amurka ta nuna cewa gidajen da ke koyar da 'ya'yansu da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a watan Afrilun 2020 zuwa kashi 11.1 kafin ƙarshen Oktoba. Daga cikin waɗannan iyaye akwai rukunin da suka ajiye littafin darasi irin na aji gefe guda, suka koma karantar da yara tarihi da labarin ƙasa da tarbiyya ta hanyar ƙagaggun labarai, da tarihin rayuwar mutane, da waƙoƙi. Yanzu salon ya fara jan hankalin wasu iyayenmu ta intanet, musamman waɗanda kuɗin makaranta ya ishe su. Ina ganin akwai abin ɗauka a ciki, amma ba abin da aka fi yayatawa ba ne.

Tushen salon wata malama ce 'yar Birtaniya, Charlotte Mason, wadda ta rayu daga 1842 zuwa 1923, ta kuma kafa makarantar horar da malamai a garin Ambleside a 1892. Ita ce ta yi fice da kalmar "littattafai masu rai". Abin da take nufi shi ne littafin da mutum ɗaya ya rubuta, wanda ya san abin da yake magana a kai kuma yake ƙaunarsa, saɓanin wanda kwamiti ya tattaro ya yayyanka gutsure-gutsure don jarrabawa. Sai kuma dabararta da ta fi burge ni. A karanta wa yaro shafi ɗaya ko biyu, sau ɗaya tak, a rufe littafin, a ce masa ya ba da labarin da bakinsa. Ba tambayar "wace shekara?" ba, ba cike gurbi ba. Yaron da ya san ba za a maimaita ba dole ya kasa kunne, kuma kafin ya faɗa sai ya tsara abin a zuciyarsa, ya rarrabe babba da ƙarami. Darasin ma gajere ne, kamar minti 15 zuwa 20 ga ƙanana.

Mu da muka tashi da hadda ya kamata mu ga bambancin. Hadda na son a dawo da kalma yadda take, kuma ga Alƙur'ani haka ya dace. Matsalar ita ce mun ɗauki wannan awo mun kai shi darasin tarihi, inda yaro zai zuba maka jerin sarakunan Kano daga Bagauda, amma ka ce ya faɗi dalilin da ya sa aka gina ganuwa sai ya tsaya kallonka. Kuma salon na Mason ba baƙo ba ne gare mu. Don 'yan makaranta Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, har yau kuwa akwai dattawan da suka manta da yawancin darussan elimantare amma suna iya ba ka labaran aku da Musa.

To amma labari ba ya koyar da komai da komai. Lissafi sai an zauna an yi ta yi, mataki bayan mataki. Koyon haɗa baƙi ma haka, yaro ba ya iya karatu don kawai ya sha jin ana karanta masa. Su kansu masu wannan salo a Amurka yawanci sukan sayi littafin lissafi na daban. Ga kuma batun lokaci, wanda hotunan Instagram ba sa nunawa: dole ɗaya daga cikin iyaye, galibi uwa, ta bar aiki, sannan ga ɗakin karatu na gari da ake aron littattafai kyauta. Mai sayar da ƙosai da safe ta yi ɗinki da rana, ina za ta samu sa'o'i uku na karatu a bayyane? Kuma idan iyaye kaɗai ke zaɓen littafi, yaro na iya girma bai taɓa cin karo da ra'ayin da ya saɓa wa na gidansu ba.

Doka ma tana da bakin magana. A Amurka an halatta karatun gida a duka jihohi 50, a Jamus haramun ne, Faransa kuwa tun 2022 sai da izini. A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye wajibcin tabbatar da cewa yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare.

Shi ya sa nake cewa a raba hatsi da tsakuwa. Ƙarfin salon yana cikin karatun da mayar da labarin, kuma ana iya yin wannan bayan sallar isha'i, a kan tabarmar da ake yin tatsuniya, yaro na zuwa makarantarsa da safe. Malamin aji ma zai iya. Ita kanta Mason ba ta tsaya kan 'ya'yan masu hali da ake karantarwa a gida ba. Kafin ta rasu, an gwada tsarinta a makarantun gwamnati na yankin Yorkshire, a azuzuwan da ke cike da 'ya'yan masu haƙar kwal.