An ƙwace maka ƙwallo, kai kuma ka tsaya riƙe da ƙugu

A ƙarshen makon nan, a wani wasan 'yan ƙasa da shekara 20, wani yaro mai lamba 8 ya yi abin da ya jawo wannan rubutu. Yaron yana da ƙafa, babu mai musun wannan. Ya karɓi ƙwallo a da'irar tsakiya, ya yanke mutum ɗaya, bai ishe shi ba ya nemi ya ƙara da na biyu, aka zare ta daga ƙafarsa. To ƙwace ƙwallo ba abin kunya ba ne, a ƙafar kowa ana ƙwace ta. Abin da ya biyo baya ne abin takaicin. Ya ɗaga hannu biyu sama yana kallon alƙalin wasa, alƙali ya kau da kai, sai ya sauke hannun ya riƙe ƙugu, ya fara takowa a hankali kamar an riga an tashi. Mutumin da aka ba shi ya tsare ya wuce ta gefensa a guje, ya isa bakin yadi 18 babu kowa a jikinsa, aka maido masa da ƙwallo baya, ya zaɓi kusurwar da yake so ya zura. Kafin dare kuma bidiyon yankan farko ya hau Instagram da kiɗa, an datse wajen ƙwacewar.

Ƙannena masu buga tsakiya, da ku nake. Wannan tsayuwar ta riƙe ƙugu ta fi rauni kashe 'yan wasa, don shi rauni likita yana ganinsa ya yi magani, ita kuwa mai ita ba ya ma yarda yana da ita.

Mu yi lissafi. Tsawon fili mita 105 ne, faɗinsa 68. Daga layin tsakiya zuwa bakin yadi 18 na gidanku mita 36 ne kacal. Ɗan wasa mai lafiya yana cin mita 30 cikin daƙiƙa huɗu zuwa biyar. Ke nan daƙiƙa ukun da ka ɓata kana yi wa alƙali ƙorafi sun ba abokin karawarka tazarar kusan mita 20, kuma babu huhun da zai rufe wannan tazarar kafin a buga. 'Yan bayanku huɗu sun ja da baya suna tsare 'yan gaba, dole ne su yi hakan. Filin da ke gabansu, tsakanin wurin bugun fenariti da bakin yadi 18, naka ne. Nan ake maido ƙwallo daga gefe, nan mai zuwa a makare yake samun ta a kwance. Idan ba ka nan babu kowa a nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan hali kai ne tsagar.

Abin da ake so ba ɓoyayye ba ne. Da zarar ƙwallo ta bar hannunku, idan kai ne mafi kusa, takun farko biyar na gudu ne zuwa kan mai ita, kana zuwa a karkace yadda jikinka zai rufe masa hanyar miƙawa gaba. Ba lallai ka ƙwace ba. Idan ka tilasta masa ya juya baya ko ya miƙa gefe, ka saya wa ƙungiyarka daƙiƙa biyu, kuma daƙiƙa biyu sun isa kowa ya koma wurinsa. Barcelona ta zamanin Guardiola ta yi suna da dokar neman ƙwallo cikin daƙiƙa shida bayan an rasa ta, Klopp kuma a kan wannan matsi ya gina Dortmund da Liverpool. Idan kuma an riga an wuce ka, kada ka bi bayan ƙwallo. Ka miƙe zuwa tsakanin turakun ragarku, kana waigen wanda yake gudu ba tare da ita ba, don shi ne mai ci. Yara da yawa ko sun daure sun dawo, idonsu na kan ƙwallo, mutum ya bi ta bayan kafaɗarsu ya wuce. Wanda ya dawo a haka da wanda bai dawo ba, duk ɗaya.

Amma ina! Wa zai yi wannan gudun tunda ba ya shiga bidiyo? Johan Cruyff ya sha nuna cewa a wasan minti 90 ƙwallo ba ta wuce kamar minti uku a ƙafar ɗan wasa ɗaya, sauran mintunan 87 su ne suke nuna ko wane ne shi. Ku kun ɗauki minti uku kun mayar da su sana'a, kun bar 87 ga wasu. Ɗan tsakiya a babbar gasa yana cin kilomita 10 zuwa 12 a wasa guda, ya fi kowa a fili, kuma mafi yawan wannan tafiya babu ƙwallo a ƙafarsa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kai kana son zomon, gudun kuma ka bar wa lamba 6, mai tsare gaban 'yan baya, kamar shi aka haifa don ya riƙa share maka ɓarna.

Kuma kada ka yaudari kanka cewa ba a gani. Kulob ɗin da yake da niyyar fitar da kuɗi ba ya sayen mutum da bidiyon minti huɗu. Masu farautar 'yan wasa suna zama su kalli wasanninka cikakku a manhaja irin su Wyscout, su tsayar da hoto daidai lokacin da kuka rasa ƙwallo, su duba me ka yi a daƙiƙa biyar ɗin da suka biyo. Ga kuma 'yar rigar nan da ake sa muku a ƙarƙashin jesi, mai na'urar GPS a tsakanin kafaɗu. Tana ƙirga nisan da ka ci, da sau nawa ka wuce gudun kilomita 25 a awa. Idan aka haɗa ta da bidiyo, sai a ga duk gudunka mai ƙarfi gaba ya nufa, babu ko ɗaya da ya nufi gida. Koci ba zai yi maka dogon bayani ba. Za ka dai ga kana zaman benci, daga benci a ba da kai aro, daga aro kwantiragi ya ƙare babu wanda ya kira. Sai ka fara cewa koci ba ya sonka, ko an yi maka asiri. Kifi na ganinka mai jar koma.

Dubi N'Golo Kanté. Yana da shekara 21 yana buga rukuni na uku na Faransa a Boulogne, tsayinsa mita 1.68, manyan makarantun ƙwallo sun duba shi sun wuce. Ya koma Caen a 2013, Leicester ta ɗauke shi a 2015. A kakarsa ta farko a Ingila babu wanda ya kai shi ƙwace ƙwallo da tare fas a duk gasar Firimiya, Leicester ta ɗauki kofi a 2016, ya koma Chelsea ya sake ɗauka a 2017, ya ɗauki kofin duniya a 2018. Wace yanka ce ta kai shi nan? Real Madrid ta sayar da Claude Makelele, mai tsare mata gaban 'yan baya, ga Chelsea a 2003, a bazarar da ta kawo Beckham, don an ɗauka aikinsa kowa zai iya. Ga Zidane, ga Figo, ga Ronaldo, ga Raul, amma ba su sake ɗaukar La Liga ba sai 2007. Rodri, ɗan tsakiyar Manchester City, ya yi rauni a gwiwa a watan Satumba na 2024, ya karɓi Ballon d'Or a kan sanduna a Oktoba, Manchester City kuma ta sha kashi sau biyar a jere bayan rashinsa. Shi kuwa Mikel Obi, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005 Messi ne kaɗai ya sha gabansa a kyautar gwarzon gasa, kuma a matsayin mai tsara wasa ya yi wannan sunan. Da ya je Chelsea a 2006 aka ce ya koma gaban 'yan baya ya zauna. Ya zauna. Ƙwallayen da ya ci musu a sama da shekara goma ba su kai goma ba, amma ya bar kulob ɗin da kofin Zakarun Turai na 2012 a hannu. Mutumin da aka jera da Messi ya yarda ya yi wa wasu gudu, kai da ko wasa 30 na manya ba ka buga ba kana ganin ka wuce nan.

Wannan girman kan ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana da 'yan rakiya. Yaron da ba ya dawowa tsaro, shi ne dai za ka ji yana da wakilai uku, kowanne ya yi masa alkawarin Turai. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai a 'yan keɓantattun halaye, kuma ba a ba shi kwantiragin da ya wuce shekara uku. Duk wanda ya ce maka ka kawo kuɗin gwaji da na biza zai fitar da kai kana shekara 16, aljihun iyayenka yake nema. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga rage shekaru, alhali tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ga caca a waya. Sandro Tonali ya bar Milan zuwa Newcastle a 2023, bai yi wata huɗu ba aka dakatar da shi wata goma saboda caca. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ban da raba dare a kan waya, mutum ya kwana ƙarfe biyu ya zo atisaye da safe yana hamma, naman bayan cinya ya tsinke a gudun farko, ya ce ƙaddara ce.

Mu koma kan ƙugun nan dai. Tun farko me ya sa aka ƙwace ƙwallon? Don ya karɓe ta bai san abin da ke bayansa ba. Geir Jordet, malamin jami'a a Norway da ya daɗe yana nazarin wannan, ya ƙirga yadda manyan 'yan tsakiya ke waige kafin ƙwallo ta iso su, ya samu Xavi yana waigawa kusan sau 8 cikin daƙiƙa 10. Waigen ana yin sa ne lokacin da ƙwallo ke tafiya tsakanin abokan wasanka, da lokacin da ta taso zuwa gare ka, sannan ido ya dawo kanta kafin taɓawa. A tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon mai ba ka, ɗaya na kallon gaba, a karɓa da ƙafar da ta fi nisa daga inda ƙwallon ta fito, taɓawar farko ta kai ta inda babu mutum. Wanda ya ba ragar abokan karawa baya gaba ɗaya, ya tsayar da ƙwallo a ƙarƙashinsa sannan ya ɗaga kai, ya riga ya makara. Kuma ƙwallon da aka rasa a tsakiya ta fi kowacce haɗari, don a lokacin 'yan bayan gefe sun haura, na tsakiya sun buɗe, ƙungiya tana a warwatse. Yanka a gefen fili kusa da tutar kwana, idan ta lalace, jifa ce ko bugun gida. Yanka a da'irar tsakiya, idan ta lalace, ƙwallo ce a raga. Kai ka haddasa gobarar, sannan ka tsaya kana kallon wasu suna ɗibar ruwa.

A da ba haka abin yake ba. Yaro idan ya rasa ƙwallo kunya ce take kora shi, ya bi ta har layin gidansu ko da zai faɗi. Idan kuma ya kuskura ya tsaya, ba sai koci ya buɗe baki ba, kyaftin da manyan 'yan wasa sun ishe shi tun a fili, a ɗakin sauya kaya kuma ya ji sauran. Ƙarami ne mai kwashe ƙwallaye bayan atisaye, shi ne mai shiga tsakiyar da'ira ya yi ta bin fas har ya gane zafin neman ƙwallo. Yanzu yaro ya buga wasa biyar ya sa takalmi mai launi uku, ya buɗe shafi da sunansa da lambarsa, yana da mai ɗaukar masa hoto. Babba ya yi masa magana ya ce hassada ce. Koci ya cire shi a minti na 60 ya wuce bai ba shi hannu ba, ya yi jifa da gorar ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to wa ya rage mai tanƙwarawa? Iyaye suna jiran kuɗin Turai, wakili yana jiran kasonsa, abokai suna zuba masa kirari a ƙarƙashin bidiyo. Duk cikinsu babu mai ce masa ya koma baya.

Ni dai roƙona gare ku, ƙannena, ku ji tsoron Allah a kan baiwar da ya ba ku, ku ji kunyar abokan wasanku da suke gumi a madadinku. Ku nemi wasanku cikakke ku kalla, ba wanda aka datse ba, ku dubi kanku a lokacin da ƙwallo ba ta wurinku. Ku riƙa sauraren manya ko da maganar ba ta yi muku daɗi ba.

Shi kuwa yaron nan mai lamba 8, da ƙwallon ta shiga raga bai ma ƙaraso bakin yadi 18 ba. Daga inda yake tsaye, shi ne na farko da ya ɗaga hannu yana yi wa mai tsaron raga faɗa.