Baƙin maɓalli ba shi ke kawo sautin juyayi a piyano ba

Cikin samarin Maradi masu koyon piyano don kiɗan biki ko aikin situdiyo, akwai maganar da ta bazu: wai fararen maɓallai na akor (sautukan da ake dannawa tare) majer ne, mai sautin fara'a, baƙaƙen kuma na miner, mai sautin juyayi. Ba haka abin yake ba.

Launi bai da hannu ciki, tazara ce ke yanke hukunci. Akor mafi sauƙi sauti 3 ne da ake dannawa tare. Ɗora babban yatsa bisa Do (farin maɓallin da ke dab da hagun baƙaƙe biyu masu jere), ka ƙirga maɓallai 4 zuwa dama, fari da baƙi duka, ban da wanda ka fara da shi: ka sauka kan Mi. Ƙara 3, ga Sol. Do, Mi, Sol ke nan, majer. In ka juya ƙirgar, 3 sannan 4, miner ya fito.

Gwada daga La: La, Do, Mi. Duk farare ne, amma miner ne tsantsa, kunnenka ma zai shaida. Re majer kuwa sai da baƙi a tsakiya: Re, Fa diyez (baƙin da ke dama da Fa), La.

Ina ganin rikicin ya samo asali ne daga darasin farko, inda ake sauke Mi zuwa Mi bemol (baƙin da ke hagu da Mi) don akor ɗin Do ya koma miner, sai ɗan koyo ya ɗora wa baƙin maɓallin alhaki. Yatsan tsakiya ne kawai ya ja baya da maɓalli guda, sauran biyun ba su motsa ba.