A ƙyale mana 'yan gwangwan, a je a kama ɓarayin

Tun da hukumar Abuja ta kori 'yan jari bola daga cikin birnin a watan Janairun 2025, bayan Borno ta riga ta hana sana'ar tsintar ƙarafa a 2023, na lura wasu a nan wajenmu sun samu abin kwaikwayo. Duk inda aka sace kan famfon burtsatse ko aka yanke wayar wuta sai ka ji an ce ai maganin abin kawai a hana 'yan gwangwan shiga ƙauyuka, kuma masu faɗin haka yawanci mutane ne da motar kwasar shara ke bi ta ƙofar gidansu a birni. Fisabilillahi wannan wane irin tunani ne?

Borno dai tana da nata dalilin, can akwai bama-bamai da aka binne a daji kuma ana kashe yara a wajen tsintar. Abuja kuwa ta daɗe ba ta son ganin talaka da buhu a kafaɗa. To mu a ƙauyukan Wudil ko Ringim ko Ɓaɓura me ya haɗa mu da wannan?

A tambayi masu kiran nan, idan butar bayi ta fashe a ƙauye ina take zuwa. REMASAB, hukumar kwasar shara ta Kano, ba ta zuwa, JISEPA, hukumar kula da muhalli ta Jigawa, ba ta zuwa, babu wani kwandon gwamnati a bakin masallaci. Abin da ke faruwa shi ne matar gida za ta fara kai ta wajen mai liƙi ya ɗora wuƙarsa a wuta ya narka guntun roba ya toshe, ta ƙara wata shida tana aiki, in ta sake fashewa a yanke samanta ta koma mazubin ruwan kaji ko abin kwasar toka. Bahon wanka da ya tsage ya zama na dusar akuya. Soson buhu da ya gaji da wanka ya koma wanke-wanke, tsohon buroshi ya koma goge takalmi, zanin da ya mutu ya zama tsumma ko ƙunzugu, silifas kuma sai an ɗaure shi da ƙusa ko waya har sau nawa kafin a haƙura. Mu ba ma jiran wani ya tara mu a otal ya koya mana sake amfani da kaya, talauci ya riga ya koya mana, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin sabon bokiti ya koma abin da sai magidanci ya yi shawara.

Amma komai liƙi akwai ranar da roba za ta ƙi, rana ta cinye ta tana marmashewa a hannu. A wannan gaɓar mutum ɗaya ne tak a duk tsarin ƙasar nan yake zuwa har ƙofar gida ya karɓe ta, har ma ya ba da wani abu a kai, ko 'yan canji ko sabon kofi ko alawa ga yara. Shi ne wannan yaron mai kura da sikeli da ake so a kora. Ya tara ya kai wa dila, a ware kala-kala, fari daban baƙi daban, goran ruwa daban da robar bokiti saboda ba irinsu ɗaya ba ne kuma ba sa narkewa tare, a markaɗa a inji a wanke a shanya, a sayar wa kamfanonin roba na Sharaɗa da Bompai da Dakata, can a narka ta dawo mana a matsayin sabuwar buta a Ƙofar Wambai ko a kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Tsohon ƙarfe ya hau tirela zuwa Legas da Ogun ya zama rodi. Sanholo ya tafi wajen maƙera su zuba tukwane da ludaya. Duk wannan ba da sisin gwamnati ba.

To a kore shi mu gani. Robar ba za ta ɓace ba ai. Ko dai ta tafi bayan gida ta tara ruwan sama sauro ya yi ƙwai a ciki da damina, ko a cusa ta a murhu a hura wuta da ita uwa da goyonta su shaƙi hayaƙin, ko ta bi shara ta tafi gona. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci min rai. Manoman kewayen Kano sun yi shekaru aru-aru suna ɗibar sharar gari a mangala su zuba a gona a matsayin taki, da shi ƙasar nan take ciyar da mu ba tare da an bar ta ta huta ba. Yau ka duba takin da ake kaiwa, rabinsa leda ne da guntayen roba da ledar fiya wata, garma na tono su shekara da shekaru ba su ruɓe ba. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake fitarwa daga tumbin akuya. Mai rage mana wannan bala'in ko da kaɗan ne, shi muka ga dama mu tsana.

Eh na sani, akwai ɓarayi a cikinsu, ana sace murfin kwalbati da injin ban ruwa har da allon kabari. Akwai ɓarayi a cikin dillalan shanu ma, ban ji an ce a rufe kasuwar Maigatari ba. Wayar wuta ba a buhun ƙaramin yaro take ƙarewa ba, akwai babban mutum mai fili da sikelin ɗaukar tan da yake saye ya san sarai daga inda ta fito, kuma kowa a garin ya san shagonsa. Zuwa wajensa ne ke da wahala, kama almajiri mai ɗauke da fasassun robobi kuwa ko ɗan bijilanti zai iya kafin azahar. Wannan hukunci na kan mai uwa da wabi ragwanci ne kawai aka sa masa rigar tsaro.

In ma hanin ake sha'awa, ga abubuwan da suka cancanta nan birjik ba wanda ya kula. Jarkar maganin feshi da ake ɗaurayewa a zuba man gyaɗa ko ruwan sha a tafi da ita gona. Batirin mota da na sola da ake fasawa a tsakar gida a ciro dalma yara na wasa a wajen, bayan duk mun san gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Waɗannan a yi musu doka mai zafi, ni zan fara tafi.

Sauran kuwa ba ya buƙatar kwamiti. Dagaci da mai unguwa su san masu shigowa garinsu, ƙungiyar 'yan gwangwan ta ba su kati, duk dilan da aka samu da wayar lantarki ko kayan famfo a rufe wajensa a kai shi kotu komai girman rawanin da ya tsaya masa. Wanda kuma ya dage sai an kore su, to ya fara turo motar da za ta riƙa zuwa ƙauyenmu duk mako tana kwashe mana fasassun bokitai.